Kula ko Kwanon Ɗumama: Wanne Mai Girkin Biki Za Ta Fara Saye?

Abincin biki ya fi lalacewa a tsakanin saukewa da rabawa. A sauke dafa-duka ƙarfe sha ɗaya na safe, amarya ba ta gama kwalliya ba sai bayan la'asar, baƙi su fara ci wajen magariba. Awa shida ko bakwai ke nan abinci yana jira. Duk iya girkin mace, idan ba ta san yadda za ta riƙe zafin abinci a waɗannan awoyi ba, sunanta zai ɓaci a biki ɗaya. Kaya biyu ake dogara da su: babbar kula, da kwanon ɗumama, wato kwanon ƙarfen nan mai wuta a ƙasa da ake jerawa a kan tebur. An gwada su nan da ma'auni guda, wato ko suna riƙe abinci da zafin da ya kamata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60 har a ci, kada kuma ya wuce awa biyu a ajiye babu zafi babu sanyi. Shinkafa ta fi kowane abinci buƙatar a kiyaye wannan. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa cikin ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta. Da shinkafa ta huce ta koma ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma sake ɗumamawa ba ya karya ta. Baƙi su koma gida, cikin awa ɗaya zuwa shida amai ya fara. Ba lallai shinkafar ta yi wari ko yauƙi ba, shi ya sa shinshinawa ba gwaji ba ne.

Kula ba ta ƙara wa abinci zafi, wanda aka zuba mata shi take rage wa gudu. Ingancinta yana cikin abin da ke tsakanin bangonta biyu. Mai kyau an cika ta da kumfa mai tauri, mai araha kuwa siririn soso ne ko iska zalla. A kasuwa, ko Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, ido ba zai nuna wannan ba, don duk fentinsu ɗaya. A ƙwanƙwasa jikinta: mai kumfa sautinta a daskare yake, marar komai tana amo. A danna bango da babban yatsa, idan ya lotsa a ajiye ta. Sai murfi, wanda ta nan yawancin zafi ke fita. Murfin da ke zama daram, da roba a bakinsa da maƙalli a gefe, ya fi wanda ake ɗorawa kawai. A duba hannuwa ma, domin kula mai lita 50 cike da shinkafa ta kai kilo talatin da wani abu, hannun roba siriri kuma yakan ɓalle daidai lokacin da ake sauke ta daga a-daidaita-sahu.

Gwajin da ba ya ƙarya a gida ake yinsa, tun kafin ranar aiki. A cika kular da ruwan zafi, a auna shi da ma'aunin zafi, a rufe, kada a buɗe sai bayan awa huɗu. Idan ruwan ya sauko ƙasa da digiri 60, wannan kular ta ƙanƙara da lemo ce. Mai cikin ƙarfe tana ɗaukar tafasasshen ruwa kai tsaye, mai cikin roba kuwa a bar ruwan ya ɗan sha iska, don tafasasshe yakan kumbura mata ciki. Mai ƙarfen ta fi tsada amma ta fi dacewa da miya, saboda roba tana shan manja da ƙamshin daddawa, wanki ba ya fitar da su duka, gobe a zuba farar shinkafa ta fito da warin miyar jiya.

Ko kula mai kyau tana ba da kunya idan ba a iya amfani da ita ba. Kular da ta kwana a sito sanyi gare ta, za ta fara shanye zafin abincin kafin ta fara riƙewa, don haka a zuba mata ruwan zafi minti goma sha biyar, a zubar, a goge, sannan a juye abinci daga tukunya kai tsaye yana tururi. A cika ta har baki. Rabin kula tana hucewa da sauri saboda iskar da ke sama, gara ƙanana biyu cikakku da babba ɗaya rabi. Kowace buɗewa asara ce, saboda haka a ƙarar da ɗaya kafin a taɓa ta biyu, kuma a hana masu leƙawa su ga ko nama ya isa.

Aibinta babba shi ne tururi. Abinci yana ci gaba da nuna a ciki, gumin murfi kuma yana ɗiga a kai. Dafa-dukan da aka sauke ta nuna luguf za ta iso wurin biki a caɓe, shi ya sa ake sauke ta da ɗan ƙarfinta, a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta ƙarƙashin murfi ya sha gumin. Taliya ta fi shinkafa saurin narkewa, kada ta yi doguwar jira. Tuwon shinkafa da miyar taushe da farfesu da alale suna jin daɗin kula. Soyayyiyar kaza da sambusa kuwa suna yin laushi, waina ta jiƙe ta manne da 'yar'uwarta. Soyayyiyar shinkafa mai karas da koren wake da hanta ita ce ta fi saurin juyawa, musamman idan an zuba kayan lambun da ba su soyu sosai ba. Ita ake girkawa a ƙarshe, ita ake fara rabawa.

Kula nawa ake buƙata lissafi ne mai sauƙi. Idan an ware wa kowane baƙo giram 125 na ɗanyar shinkafa, buhu mai kilo 50 zai ci mutum 400. In ta dahu, rabon mutum ɗaya yana cin wurin kusan rabin lita. Baƙi 200 ke nan kilo 25, da kuloli masu ɗaukar lita 100 don shinkafa kaɗai, ban da miya da nama. Uwar biki in ta ce mutum 200, a tambaye ta ko da kati za a shiga, don bikin gida ba ya tsayawa a adadin da aka faɗa. Gara a yi da kilo, domin mudun wannan kasuwa ba ɗaya yake da na waccan ba.

Kwanon ɗumama shi ne mai kyan gani, shi ne kuma sababbin shiga sana'a ke fara zuba kuɗi a kai. Sassansa biyar ne: ƙafa, kwanon ruwa, kwanon abinci, murfi, da mazaunin gwangwanin wuta. Cikakken kwanon abinci santimita 53 ne a tsawo, 32 da rabi a faɗi, mai zurfin santimita 6 da rabi yana cin kusan lita 9. Da lissafin da ya gabata, abincin mutum goma sha takwas ke nan. Wato a bikin mutum 200 sai an cika shi fiye da sau goma, kuma daga kula za a riƙa ɗebowa. Shi kaɗai ba ya riƙe biki.

Wutar ruwa take dafawa, tururin ruwan ne ke ɗumama abinci. A zuba ruwan zafi kamar santimita biyu zuwa uku. Wanda ya zuba na sanyi zai ƙone makamashi mai yawa kafin tururi ya tashi. Idan ruwa ya ƙafe kwano ya ƙone ya lanƙwashe, ƙasan shinkafa ya kama. Abincin da ya riga ya huce ba a ɗora shi a nan da fatan ya yi zafi, ƙarfin wutar bai kai ba, zai daɗe a ɗumin nan da ƙwayar cuta ke so. A mayar da shi tukunya ya yi zafi sosai tukuna, in bai wuce awa biyu a huce ba.

Gwangwanin wuta mai makamashi mai kauri kamar kamu yana ci kusan awa biyu, mai lagwani yana iya kai awa shida. A filin biki lokacin hunturu iska tana kashe shi ba a sani ba, da rana kuma harshen wutar ba ya fitowa sosai, mai rabon abinci sai ya kai hannu ya ƙone. Ba a ƙara masa makamashi yana ci, a kife masa murfinsa ya mutu. A nisanta shi da labulen ado da gefen mayafi, a kuma ɓoye gwangwanayen daga yara, don wasu da sinadarin metanol ake yinsu, guba ne. Murfi mai naɗewa baya ya fi wanda ake ɗagawa, saboda baƙi ba su da inda za su ajiye na ɗagawa, sai su bar kwano a buɗe.

Wadda ke fara sana'a ta sayi kuloli masu kyau tukuna, ta haɗa da ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa cikin abinci, wanda kuɗinsa bai kai na kula ɗaya ba. Kwanon ɗumama ta karɓo haya duk ranar da aka nemi a jera abinci, ta sa kuɗin a lissafin mai biki. Yawancin kamu da walima da suna a robar tekawe ake raba abinci, inda kwanon ba shi da aiki ko kaɗan. Robar ma saurin hucewa gare ta, don haka a zuba daf da lokacin rabo, a jera cikin kular da aka ɗumama. Haɗin kabeji mai mayonis ba ya shiga roba ɗaya da shinkafa mai zafi, shi da kunun aya kularsu daban, da ƙanƙara a ciki har lokacin da za a miƙa wa baƙi.