Waya ko Laftof ga Mai Jinyar da Ke Son Rubuta Labarin Tarihi

Sannu da jiki ɗan'uwa, Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunka. Tunda ka ce karayar a cinya take, kuma kuɗin hannunka na abu ɗaya ne tsakanin waya da laftof, to ka sayi waya mai faɗin fuska da batir mai ƙarko.

Ni ma haɗarin mota ne ya kwantar da ni aka sa min ƙarfe, kuma da waya na rubuta kusan duk labarina. Mai karaya bai cika samun barci da tsakar dare ba, lokacin da raɗaɗi ke tashi kowa na gida ya yi barci. A wannan lokacin waya tana ƙarƙashin matashi, ka jawo ta da hannu ɗaya, ka buga da babban yatsa ba sai ka motsa ƙugu ba. Gboard, manhajar buga rubutu ta Google, na da allon Hausa, ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan. Google Docs kuma yana barin ka ka yi rubutu ko babu data, in ta dawo ya ajiye maka.

Amma abin da ya sa nake ƙaunar wayar nan shi ne 'yan dubiya. Wani kawuna dattijo ya zo gaishe ni, hira ta kai mu ga hijirar Sarkin Musulmi Attahiru bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Na nemi izininsa na danna ɗaukar murya. Ya zauna a bakin tabarma yana jan carbi, yana ba ni yadda kakanninsa suka ba shi: mutane sun bar gonaki da rumbuna sun bi shi gabas, mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna, har Burmi ta ƙasar Gombe ta yau, inda aka kashe Attahiru a watan Yuli na shekarar. Waɗanda suka tsira wasu sun miƙe har Sudan, inda ɗansa Mai Wurno ya zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu, a garin da har yanzu ake kira da sunansa. Wannan muryar na yi ta saurara, daga cikinta na ƙirƙiro wani mahayi da doki ya faɗa masa a kan ƙafa a hanyar hijira, maɗori ya ɗaure shi da karare aka ci gaba da tafiya da shi.

A nan maganin yake. Da farko ban iya rubuta haɗarina kai tsaye ba, da na fara sai ƙarar ƙarfen ta dawo min kunne, gabana ya faɗi. Da na ɗora ciwon a kan wani mutum na 1903, sai na iya faɗin komai: kunyar a ɗaga ka zuwa bayan gida, tsoron ko za ka sake takawa, haushin masu cewa ka yi haƙuri alhali su da ƙafafunsu suka shigo. Kuma tarihi yana ba ka aikin yi. Sai ka bincika irin linzami da sirdin lokacin, abin da ake guzuri da shi, garuruwan da aka ratsa. In kana da ƙani mai zafin nama, aike shi Gidan Makama a Kano, ko Arewa House a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ya nemi izini ya ɗauko maka hotuna ya turo ta WhatsApp.

Laftof kuwa, na saye ta ta hannu, ta fi zama a jaka. Nauyinta da zafinta ba na mai ciwon cinya ba ne, in an ɗauke wuta kuma shi ke nan. Tana da amfani wajen gyaran ƙarshe idan ka fara zama a kujera, a lokacin ko ta aro ta isa.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa, musamman da yake aike za ka yi. Akwai masu sauya wa tsohuwar waya jiki da gilashi, su sa ta a kwali su ce sabuwa ce dal. Wanda ka aika ya danna *#06# ya ga ko lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta jikin kwalin, ya duba girman ma'ajiyar a cikin saitin wayar da kansa, ya gwada ɗaukar murya a shagon, ya karɓi rasit mai sunan shago. Ka nemi mai batir 5000mAh, ragowar kuɗin ka haɗa da fawabank da mariƙin waya irin wanda ake maƙalawa a jikin gado, don riƙe ta sama da fuska yana sa ciwon wuya. Kuma ranar gashin ƙashi, a ajiye rubutu a tafi asibiti.