Wata shida da manhajar auna aikin cibiyar amsa kira

Ina kula da wata ƙaramar cibiyar amsa kiran abokan ciniki a Kano, kuma yau wata shida ke nan da muka ɗora manhajar da ke auna yadda na'urorinmu suke gudanar da aiki, tun daga shigowar kira har zuwa ajiye waya.

Kafin zuwanta, koken da ya fi damun mu shi ne wai ma'aikatanmu suna katse wa mutane magana. Har na taɓa kiran wata ma'aikaciya ofis na yi mata faɗa a kan haka, ita kuwa ta rantse mini cewa sai ta ji mai kira ya yi shiru take buɗe baki. Manhajar nan ce ta wanke ta. Tana auna jinkirin da murya ke yi kafin ta isa kunnen wanda ke ɗaya ɓangaren, kuma hukumar sadarwa ta duniya, wato ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin ya wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne ke yin sakan ɗaya) idan ana son hira ta tafi daidai. Namu kan haura haka da la'asar, lokacin da intanet ɗin ofis ya cunkushe, sai mutum biyu su riƙa cin karo a magana ba tare da laifin kowa ba. Muka ware wa kira layinsa daban, koken ya lafa, ni kuma na je na ba baiwar Allah haƙuri.

Tana da amfani kuma wajen tsara ma'aikata, domin tana aiki da lissafin Erlang C, wanda ya samo suna daga Agner Erlang, masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak da ya yi aiki a kamfanin tarho na Kofanhegan. Da shi take nuna mini mutum nawa ya kamata su zauna a kowace awa idan muna son cika ƙa'idar da aka saba bi, ta amsa kashi 80 cikin 100 na kira a cikin sakan 20.

Inda ta gaza kuwa, gazawar ba ƙarama ba ce. Duk wanda ya shiga amsar na'ura mai cewa a danna 1 ko a danna 2, ya gaji ya kashe waya, manhajar kan lissafa shi cikin waɗanda aka biya wa buƙata, alhali shi ne zai sake kira bayan awa ɗaya ransa a ɓace. Sai da na zauna na kwatanta lambobin da suka sake kira a rana guda kafin na gane cewa koren da allon manhajar ke nunawa, alamar komai lafiya, na ganin ido ne kawai. Sashen da ke mayar da magana rubutu ma bai jin Hausa, musamman idan mai kira ya gauraya ta da Turanci, kamar yadda yawancinmu muke yi. Haka nan tambayar da take yi a ƙarshe, ta a ba mu maki daga 0 zuwa 10, ba ta da tabbas a wajenmu, saboda ko dattijon da bai ji daɗi ba yana iya danna 10 don kunya, ya bi da "Allah ya yi albarka".

Za mu sabunta rajistarmu a bana saboda ma'aunin ingancin murya da tsarin zaman ma'aikata. Rahoton gamsuwar abokan ciniki kuwa na daina aika wa shugabannina shi, sai na saurari kira goma da kunnena kowace Juma'a na rubuta abin da na ji.