Jirgin tsallaka teku ko jirgin yawon shaƙatawa: ka karanta wannan kafin ka biya kuɗinka

Tunda na saka hotunan tafiyarmu daga Southampton zuwa New York mutane ke ta turo min saƙo wai wanne ya fi, irin jirgin da muka shiga ko waɗannan manya-manyan na yawo da ake talla a Instagram. To gaskiya ba abu ɗaya ba ne ko kusa, duk da dai dukkansu a kan ruwa suke.

Jirgin tsallaka teku an gina shi ne don ya kai mutum daga wata nahiya zuwa wata a kan lokaci, ko ana iska ko ba a yi. Irinsu ne iyayenmu suka sani, kamar Aureol na kamfanin Elder Dempster da ya riƙa ɗaukar ɗalibai da ma'aikata daga Apapa zuwa Ingila tun 1951 har 1974. Jirgin sama ne ya kashe kasuwarsu. Tsohuwar Queen Mary ta 1936 yanzu otal ce a Long Beach can Kalifoniya, Queen Elizabeth 2 (QE2) ma otal ce a Dubai. Guda ɗaya tak ta rage tana wannan aikin a duk duniya, Queen Mary 2 ta kamfanin Cunard, ita muka shiga, kuma ita nake so, ba zan ɓoye muku ba.

An ƙera ta a Saint-Nazaire ta Faransa, ta fara aiki 2004, tsawonta mita 345, fasinja wajen 2,700. Bakinta dogo ne siriri don ya tsaga igiyar ruwa, ƙarfen jikinta ya fi na jiragen yawo kauri, gindinta ya nutse kamar mita 10 cikin ruwa, shi ya sa take zama daram. Kwana na uku teku ta tashi sosai, ina zaune wajen taga a ƙasa ina kallon ruwa baƙi ƙirin yana tasowa yana dukan gilashi ya koma fari fat, amma shayin da ke gabana ko digo bai zube a faranti ba. Kwana bakwai ake yi babu tsayawa ko'ina, kuma in yamma ka nufa ana mayar da agogo baya awa ɗaya a yawancin darare, sai ka samu rana mai awa 25, baccinka ya cika ka sauka New York garau ba irin gajiyar jirgin sama ba. Akwai laburare mai dubban littattafai, akwai farfajiyar katako da ta zagaye jirgin wacce nake takawa kullum bayan asuba cikin sanyi, har ɗakin karnuka da kyanwoyi gare su. Daren da ake cin ado kowa ya sa kwat ni babbar riga na zuba da hula, babu wanda ya hana ni, sai ma tambaya ake yi ina aka ɗinka. Sallah kuwa tunda hanya miƙaƙƙa ce alƙibla ba ta cika juyawa ba, ka duba taswirar da ke talabijin ɗin ɗaki ka gane gabas shi ke nan. Abinci dai ka sanar da su tun wajen yin bukin cewa ba ka cin alade, ni kifi da ganye na fi riƙewa.

Su kuma na yawon, irin Icon of the Seas da ya fara tashi daga Miami a 2024, hawa 20 fasinja har 7,600, kasuwa ce kawai aka ɗora kan ruwa. In kana da yara masu son wanka da zamiya to ya yi maka, ni kam hayaniyar ta fi ƙarfina.

Amma abin da ya fi damuna ba ma jirgin ba ne, hanyar sayen tikitin ce. Kafin wannan tafiyar wani da ya ce shi ejan ne ya taɓa cin kuɗina, a WhatsApp wani ɗan uwa ya haɗa mu, ya turo min takarda mai tambari da lambar ɗaki da komai, ya ce in tura kafin alƙalami cikin awa 24 kar garaɓasar ta wuce, na tura a asusun wani mutum daban wai akawunsu ne. Bayan sati biyu na kira kamfanin jirgin na karanta musu lambar, matar ta ce babu irin wannan lamba a wajensu sam. Na koma wajen mutumin na tarar ya toshe ni. Wallahi har yau abin na ci min rai, don kuɗin da na tara ne zan kai mai ɗakina hutu.

Saboda haka duk wanda ya ba ka lambar bukin, kar ka ƙara ko sisi sai ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga sunanka yadda yake a fasfo. Kar ka tura kuɗi asusun mutum, ka biya da kati. Duk wanda ya ce tikitin jirgin ruwa zai sa ka shiga Amurka ba biza maƙaryaci ne, mai koren fasfo sai ya nemi ta Ingila da ta Amurka duka, kuma babu biza ko tsanin jirgin ba za ka taka ba, kuɗinka ma da wuya su dawo. Haka masu tallan aiki a jirgin yawo suna karɓar kuɗin fom da na gwajin lafiya daga samarinmu, yawancinsu 'yan damfara ne, na san yara biyu da aka yi wa haka.

Sannan ko a wajen na gaskiyan ka lura da farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, galibi na ɗakin ciki ne marar taga, kuma na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗakin, in kai kaɗai ne kusan ninki za ka biya. Kuɗin ihsanin ma'aikata ana ɗora maka kullum, intanet daban, lemo daban, fita yawo a gari daban. Ka ce su rubuto maka jimilla gaba ɗaya a imel. Kuma in kana da saurin jiri ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawan ƙasa-ƙasa, namu a hawa na biyar yake.