Sharhi Kan Cibiyar CGC Mai Aiko wa Masu Bincike Tsutsa Daga Amurka: Ko Ta Dace da Ɗakin Gwaji a Katsina?

Cibiyar Caenorhabditis Genetics Center, wadda masu bincike suka fi sani da CGC, ba ta da wata haja sai tsutsa mai rai da bakteriyar da ake ciyar da ita. An kafa ta a 1978 a Jami'ar Missouri, ta koma Jami'ar Minnesota a 1992, kuma hukumar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, tana cikin masu ɗaukar nauyinta. A ma'ajiyarta ta sanyi akwai nau'o'i sama da 20,000 na wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans, waɗanda masana daga ƙasashe daban-daban suka samar suka kai ajiya domin duk mai buƙata ya nema a aiko masa. Mun yi hulɗa da ita daga wani ƙaramin ɗakin gwaji a nan birnin Katsina, inda muke koyar da ɗalibai nazarin cututtukan da ke lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma hukuncina shi ne cibiyar tana cika alƙawarinta, amma kuɗin mutum ba zai yi masa rana ba sai ya riga ya shawo kan zafin garinmu kafin ya aika da buƙatarsa.

Wannan tsutsa dangin kurkunu ce da tsutsar ciki da wadda ke haddasa tundurmi, sai dai ita ba ta shiga jikin mutum ko dabba. A cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da taki take rayuwa tana cin bakteriya. Tsawonta kusan milimita 1 ne, jikinta garai yake ana hango duk abin da ke cikinsa, tana girma daga ƙwai zuwa balaga cikin kimanin kwana 3 a ma'aunin zafi 20 na Celsius, guda ɗaya tana haifar 'ya'ya kusan 300 ba tare da namiji ba, kuma gaba ɗaya rayuwarta mako 2 zuwa 3 ce. Sydney Brenner ne ya shigo da ita fagen bincike, ya wallafa babban aikinsa a kanta a 1974, kuma yawancin tsutsotsin da ya fara warewa waɗanda tafiyarsu ta lalace ne, wasu suna naɗewa, wasu sun sandare. Ke nan tun daga tushe, nazarin wannan halitta nazarin motsi ne da jijiya. Tana da ƙwayoyin jijiya 302 kacal, an zana yadda suke haɗuwa da juna tun 1986, an kammala karanta ƙwayoyin gadonta a 1998, ita ce dabba ta farko da aka yi wa haka, sannan aikin da aka yi da ita ya jawo lambar Nobel a 2002 da 2006 da 2008 da 2024.

Abin da ya haɗa ta da majinyatanmu shi ne dofamin, wani sinadari da jijiyoyi ke isar da saƙo da shi. A ciwon makyarkyata, wanda James Parkinson ya bayyana a 1817, ƙwayoyin jijiyar da ke samar da wannan sinadari ne ke mutuwa a hankali, har hannu ya kama rawa, jiki ya yi tauri, tafiya ta koma ja da ƙafa. Tsutsar tana da irin waɗannan ƙwayoyi guda 8, shida a kai, biyu a wajen bayanta, kuma hanyar da take sarrafa dofamin kusan ɗaya ce da tamu. Abin da zai ɗauki shekaru a jikin mutum, ko watanni a jikin ɓera, ana iya ganin kamarsa a jikinta cikin mako guda.

Shafin cibiyar na intanet ba shi da ƙawa, amma a tsare yake. Shugaban ɗakin gwaji ne ke yin rajista, sannan a nemo nau'in da ake so da lambarsa ko da sunan ƙwayar gadon da aka taɓa, kuma kowane nau'i an rubuta wanda ya samar da shi, da sauyin da aka yi masa, da zafin da ya kamata a riƙe shi a kai. Wannan bayani na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci ga ɗan Katsina, kuma ina roƙon duk mai niyya ya karanta shi da natsuwa. Ana biyan kuɗin rajista na shekara da kuɗin kowane nau'i, kuma makarantu suna biyan ƙasa da abin da kamfanoni ke biya. Farashin tsutsar kanta mai sauƙi ne ƙwarai idan aka kwatanta da na ɓerayen gwaji. Inda aljihu ke jin jiki shi ne canjin dala, da kuɗin kamfanin aika kaya, da takardun izinin shigo da halitta mai rai, waɗanda wajibi ne a kammala su tun kafin kayan su taso. Saƙonmu na farko ya kwana da yawa a ɗakin ajiyar wani kamfanin aika kaya saboda takarda ɗaya da suka ce ba su gani ba, wanda ba laifin masu aikowa ba ne.

Tsutsar tana zuwa ne a kan ɗan farantin roba mai murfi, an zuba masa agar, wani abu mai kama da jeli, wanda ya daskare, an naɗe bakinsa. Wanda bai saba ba zai ɗauka an aiko masa da faranti wayam, domin kafin ya iso tsutsotsin sun cinye bakteriyar tas, manyan sun mutu, ƙananan sun shiga wani hali na jure yunwa da suke iya yin watanni a cikinsa ba ci. Sai a ƙona bakin wuƙa a wuta, a yanko ɗan ɓangaren agar, a kife shi a kan sabon faranti mai bakteriyar OP50, wato abincin tsutsar, a rufe. Kashegari idan aka leƙa ta madubin ƙara girma za a ga sun fito sun bazu, sun bar sawu a kan abincin kamar sawun maciji a kan rairayi. Duk nau'o'in da muka karɓa a lokacin sanyi sun farfaɗo, kuma kowanne ya nuna halin da aka rubuta a kansa, babu wanda ya zo a gauraye da wani. A wannan fanni, wanda shi ne ainihin aikin cibiyar, ban ga abin kushewa ba.

Inda mai saye zai iya cutar kansa shi ne wajen zaɓe. Nau'in BZ555 an sa wa ƙwayoyin dofamin ɗinsa furotin mai ƙyallin kore, ta yadda za a ga yadda suke tsinkewa idan aka ba tsutsar guba irin 6-OHDA ko sinadarin manganis. Nau'in NL5901 kuwa yana ɗauke da furotin alfa-sinuklin na ɗan Adam a cikin tsokarsa, wanda ke dunƙulewa yayin da tsutsar ke tsufa kamar yadda yake yi a ƙwaƙwalwar mai makyarkyata, sai AM141 da ke kwaikwayon cutar Huntington, wata cutar gado mai lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Duka ukun suna da kyau, amma ƙyallin nasu ba ya ganuwa sai da madubi na musamman mai fitilar da ke tayar da shi, kuma ba kowane ɗakin gwaji ne a wannan yanki ya mallake shi ba. Wanda ba shi da shi, abin da ya rage masa shi ne ya jefa tsutsar cikin ɗigon ruwan gishiri na M9 ya ƙirga sau nawa take lanƙwasa a minti ɗaya, wanda gwaji ne na gaskiya, amma rabin amfanin nau'in ke nan.

Na fi ba wa masu ƙaramin ƙarfi shawarar nau'o'i uku da madubi na gama-gari ya wadatar a kansu. Na farko N2, wato lafiyayyar tsutsa da ake auna sauran da ita. Na biyu CB1112, wadda ba ta iya haɗa dofamin yadda ya kamata: lafiyayyar tsutsa idan ta shigo cikin abinci takan rage sauri, ita kuwa wannan sai ta wuce da saurinta kamar ba ta ji komai ba, kuma ɗalibi da agogon wayarsa zai iya auna bambancin. Na uku CL4176, wadda aka sa wa furotin amiloyid-bita, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, cutar da mutanenmu ke haɗawa da sauran mantuwar tsofaffi su kira gigin tsufa. Ana riƙe ta a ma'aunin zafi 15 zuwa 16, idan aka ɗaga zuwa 25 sai furotin ya fara taruwa a tsokarta, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ta shanye. Ana taɓa ta da bakin siririyar wayar filatinam. Wadda ta shanye kanta kaɗai ke motsi, har ta cinye abincin da ke kewaye da bakinta ya bar ɗan fili zagaye. Wata ɗaliba da ta fara ganin wannan nau'i yana birgima a wuri ɗaya tun kafin a ɗaga zafin ta ce, "Malam, ai waɗannan sun zo da ciwonsu." Birgimar ba ciwon ba ce, alama ce da aka dasa mata da gangan don a gane tana ɗauke da ƙwayar gadon, kuma an rubuta hakan a shafin cibiyar.

Wannan nau'i na uku shi ke nuna girman matsalarmu. Tsutsar ba ta jin daɗi sai tsakanin 15 da 25, da an haura kaɗan sai haihuwa ta ragu, alhali a Katsina daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura 40. Faranti a bayan mota tsakanin Kano da Katsina a watan Afrilu gawa zai iso, kuma CL4176 tana iya shanyewa tun a hanya. Lokacin aikowa shi ne hunturu, Disamba da Janairu, ko da yake shi ma yana zuwa da nasa: ƙura tana shiga ko'ina, kuma faranti da aka buɗe a sarari ba ya daɗewa fumfuna ta rufe shi, don haka sai an zuba abincin a gefen harshen wuta an kuma toshe tagogi. Akwatin daidaita zafi mai sanyayawa, wanda ke kan sola da inbata ba a kan wutar gari ba, shi ne abin da ya kamata a fara saye. Mai firiza da ke kaiwa 80 ƙasa da sifiri zai iya daskarar da tsutsar cikin gilisarin ya ajiye shekaru, wanda zai hutar da shi sake biyan kuɗin aikowa duk lokacin da aka yi asara.

Akwai kuma iyakar da cibiyar ba za ta iya kawar wa kowa ba, domin a jikin halittar take. Tsutsa ba ta da alfa-sinuklin nata na asali, ba ta haɗa amiloyid-bita da kanta, ba ta da jini balle shingen da ke tace abin da ke shiga ƙwaƙwalwa, kuma a nau'o'i da dama a tsoka aka dasa furotin ɗin, ba a jijiya ba. Ina faɗin wannan ne saboda na san abin da yawancin ɗalibanmu za su fara yi shi ne gwada ruwan zogale ko darbejiya ko sassaƙen wata bishiya, kuma hakan abu ne mai kyau, amma yana da tarko: ganye da yawa suna kashe bakteriyar da tsutsar ke ci ko su sa ta ƙi cin abinci, ƙarancin ci kuwa shi kaɗai yana jinkirta shanyewar yana kuma tsawaita ranta. Wanda bai tantance wannan ba zai fito ya ce ya gano maganin mantuwa, iyalan majinyata su ji a rediyo su bar maganin asibiti, wanda cutarwa ce babba ga mutanen da ke cikin wahala tun da farko.

A ganina inda wannan tsutsa za ta fi yi mana amfani shi ne tambayoyin da suka shafi gonakinmu. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya danganta farakwat, maganin ciyawar da manoma suka daɗe suna feshi da shi, da ƙaruwar haɗarin makyarkyata, kuma duk wanda ya bi ƙauyukan Batagarawa ko Rimi ko Daura da damina ya ga matasa da tankin feshi a baya, babu safar hannu babu takunkumi. A 2023 kuma aka wallafa binciken da ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar a tsakanin 'yan asalin Afirka, kuma kaso mai yawa na waɗanda aka yi nazarin a kansu 'yan Nijeriya ne. Sashen nazarin halittu da ke da akwatin sanyi mai aiki, da madubi ɗaya mai kyau, da ma'aikacin da zai riƙa sauya faranti ko da ranar hutu ce, zai iya sayo magungunan feshin da ake sayarwa a kasuwarmu ya auna abin da suke yi wa jijiyar N2, ya kwatanta da CB1112. Irin wannan sashe nake ba shawarar ya yi rajista da CGC, ya fara takardunsa tun watan Oktoba domin kayan su iso cikin sanyi. Wanda bai tanadi waɗannan ba tukuna, gara ya haɗa kai da wani ɗakin gwajin da ya tanada, su yi buƙata ɗaya su raba kuɗin aikowa.