Toka da Ruwan Khal ko Tarkon Sukari: Wanne Ke Raba Gida da Kiyashi?

Wata 'yar'uwa ta kawo tambaya zauren nan. Kiyashi sun addabi kicin ɗinta, sukari da madarar gari ba su tsira ba, a ɗan lambun tsakar gida kuma wasu na hawa da sauka a jikin barkono da kuɓewa. Ba ta son feshin maganin ƙwari saboda yara. Wasu sun ce ta barbaɗa toka ta goge da ruwan khal (vinegar), wasu sun ce ta ɗana musu tarkon sukari da wata farar hoda da ake kira boraks. Wanne za ta ɗauka?

Hajiya, hanyoyin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta farko tare hanya ce, ta biyu kashe gida ce. Waɗanda kike gani a jere a jikin bango 'yan aike ne kawai. Sarauniyarsu tana can cikin tsagar gini ko ƙarƙashin daɓe tana saka ƙwai, kuma muddin tana raye, ko dubu kika share yau, jibi za a aiko wasu.

Mu fara da tare hanya. Kiyashin da ya gano abinci yakan shafa wani wari a ƙasa yayin komawa gida, sauran su bi sahunsa. Shi ya sa suke tafiya a layi kamar an ja musu zare. Ruwan khal kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya, ko ruwan sabulu mai kumfa, yana goge wannan sahun nan take. Ki bi layin daga wurin abincin har zuwa ramin da suke fitowa, ki goge, sannan ki toshe ramin da siminti. Toka kuwa sai busasshiya lukui take aiki, domin ba sa son ratsa ta. Da zarar raɓa ko ruwan wanke-wanke ya taɓa ta, ta zama musu hanya. Dabarar iyayenmu ta tsoma ƙafafun kabad ɗin abinci cikin gwangwanaye masu ruwa har yau ba ta da na biyu, in dai kabad ɗin bai jingina da bango ba, kuma ana canja ruwan duk bayan kwana uku saboda sauro. Alherin wannan hanya shi ne ba ta cin kuɗi da yawa, ba haɗari, kuma a ranar za ki ga sauƙi. Aibinta, warin khal yakan gushe cikin 'yan sa'o'i, su kuma sai su zagaya ta wata kafa.

Tarkon boraks yana buƙatar haƙuri, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Boraks farar hoda ce da masu walda da maƙeran zinariya ke amfani da ita. 'Yar'uwarta borik asid ana samunta a wasu kemis, duk biyun suna aiki. Ga ma'aunin: ruwan ɗumi kofi ɗaya, wato mililita 250, sukari babban cokali 5, boraks rabin ƙaramin cokali. Rabi fa, ba cikakke ba. Wannan ya kama kusan kashi 1 cikin 100. A dama har ya narke, a jiƙa auduga, a saka cikin 'yar roba mai murfi, a huda mata ƙananan ramuka huɗu ko biyar a gefe da ƙusa mai zafi, a ajiye daf da layinsu.

Me ya sa ɗan kaɗan haka? Saboda ba a son ɗan aiken ya mutu a bakin robar. So ake ya sha ya cika ciki, ya koma ya ɗura wa 'yan'uwansa da ƙananan tsutsotsin gidan da sarauniya baki da baki, kamar yadda suka saba rabon abinci. Wanda ya zuba cokali biyu don ya gama da su da wuri zai tarar da gawarwaki a kewayen robar, ya yi murna, alhali gidan na nan daram, ko kuma su ji ɗanɗanon su ƙaurace wa tarkon gaba ɗaya.

Kwana biyu ko uku na farko za ki ga sun ƙaru, robar ta yi baƙi da su. Kada ki taɓa su. Daga mako ɗaya zuwa uku layin zai riƙa sirancewa har ya yanke. A sabunta audugar duk bayan kwana uku, musamman da hunturu da take saurin bushewa. Idan sun wuce tarkon ba su kula shi ba, wataƙila maiƙo suke nema a lokacin. Gwada su: ɗigon ruwan sukari a nan, ɗan tunkuza a can, ki ga inda suka taru, sai ki cuɗa boraks ɗin kaɗan a cikin wanda suka zaɓa.

Abu ɗaya da ba a haɗawa: khal ko toka a hanyar da tarko yake. Kin gayyace su walima kin kuma kulle ƙofa. Khal a kan teburin girki da wurin ajiyar abinci, tarko a gindin bango inda suke fitowa. Sannan boraks, duk da daga ƙasa ake haƙo shi, guba ne ga yaro mai rarrafe da kyanwa da kaji. A sa robar bayan firiji ko ƙarƙashin kabad, a rubuta wa kwalbar suna, kada a taɓa zuba haɗin a gorar lemo. Kuma kin yi dace da kika guji feshi: wasu ƙananan kiyashin gida sarauniyoyinsu da yawa, feshi kan sa su watse su kafa gidaje uku a maimakon ɗaya.

A lambu lissafin ya canja. Juya ganyen barkonon nan ki duba bayansa. Galibi za ki tarar da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ganyen ya nannaɗe yana danƙo. Kiyashi kiwonsu suke yi: suna lasar zaƙin da suke fitarwa, suna kuma kore musu abokan gaba. To a nan ba toka ba, ba boraks ba, domin boraks in ya zube a ƙasa yana ƙona shuka. Darɓar za a yaƙa. A daka ƙwayar 'ya'yan dalbejiya giram 50, a jiƙa cikin ruwa lita 1 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa bayan ganye da yamma, don rana na kashe ƙarfinsa. A maimaita duk mako har sau uku. Abinci ya ƙare, makiyaya sun tashi.

Manyan tururuwa masu jidar hatsi da iri daga fangali ba su cika damuwa da ruwan sukari ba. Su ramin ake bi, a kwarara tafasasshen ruwa bokiti guda da sassafe, kuma sau da yawa sai an maimaita saboda zurfin gidan. Kada a yi haka kusa da saiwar shuka, kada kuma a zuba kananzir ko baƙin mai, ƙasar ce za ta mutu. Jajayen nan masu ɗinke ganyen mangwaro su yi sheƙa kuwa a ƙyale su, suna rage ƙudan da ke sa wa mangwaro tsutsa.

Cinnaka, wadda aka ce ba ta san na gida ba, ita harbi take yi. Idan ta harbi yaro aka ga fuska ko leɓe na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, a wuce asibiti kai tsaye, ba a tsaya shafa komai ba.