Asibitin dabbobin da ya shirya wa kyanwata takardun zuwa Jamus

Da aiki ya mayar da maigidana Jamus, 'yan uwa da yawa sun ce in bar kyanwata a gida, wai mage ai ko'ina akwai ta. Ban iya ba. Sai na nemi wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a Abuja, kuma ga yadda na same su.

Abin da na fi yaba musu shi ne likitar ta san abin da ke gaba da abin da ke baya. Tun zuwan farko ta ɗauko takarda ta zana mini jerin matakan, ta ce: "Hajiya, in aka tsallake ɗaya, sai an koma farko." Kyanwar tana da tsohuwar allurar rigakafin ciwon haukan kare, amma likitar ta ce allurar ba za ta yi amfani ba, domin dokar Tarayyar Turai ita ce a fara sanya 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin allura. Na'urar ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Likitar ta tsuke fatar bayan wuyan kyanwar, ta soka, kyanwar ta ɗan zabura, shi ke nan. Ta goga mata abin karantawa, lambobi 15 suka fito, ta sa na duba da idona cewa su ne aka rubuta a katin rigakafi. Sannan aka yi sabuwar allura.

Daga nan sai haƙuri. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Turai ta sauƙaƙa wa, don haka dole a jira aƙalla kwana 30 bayan allura, a ɗebi jini, a aika ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi. Ana son ƙarfin garkuwar jiki ya kai 0.5 a ma'auninsu. Ko sakamako ya yi kyau, dabbar ba za ta shiga ba sai an cika wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Wanda ya sayi tikiti kafin ya ga likita, ya sani wata huɗu ne mafi ƙaranci, kuma ba wanda zai gajarta masa.

Inda suka gaza a wurina shi ne maganar kuɗi. Ba su faɗi kuɗin aika jini ƙasar waje ba sai ranar da aka ɗiba, alhali shi ya fi komai tsada. Kuma lokacin jiran sakamako, sai ka kira ka kira ba a ɗaga ba. Mai jira da zullumi ya cancanci ko da saƙo ɗaya ne.

Amma a makon ƙarshe sun yi aiki tsakani da Allah. Takardar shaidar lafiya kwana 10 kawai take aiki kafin isa bakin iyaka, kuma sai likitan gwamnati ya sa hannu. Su suka bi ta tare da izinin fitar da dabba, suka faɗa mini in je filin jirgi da wuri don jami'an NAQS, hukumar da ke duba dabbobi da tsirrai masu shiga da fita Najeriya, su duba. Likitar ta auna kyanwar cikin jakarta, saboda kamfanin jirgin sama na Lufthansa kilo 8 yake yarda a shiga da shi cikin jirgi, har da nauyin jakar. Ta kuma hana ni ba ta maganin barci. A Frankfurt an karanta na'urar, an duba takardu, muka wuce.

Masu kare su lura, kowace ƙasa da nata. Ingila tana neman a ba kare maganin tsutsar ciki kwana 1 zuwa 5 kafin isowa, Amurka kuma tun watan Agusta 2024 ba ta karɓar kare da bai kai wata 6 ba. Zan tura duk mai niyya wannan asibiti, da sharaɗin ya sa su rubuta masa kuɗin komai tun ranar farko.