Sharhi: Catalina 22 a kan tirela, zuwa tsibiran Apostle

Catalina 22 ƙaramin jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, wanda Frank Butler ya tsara, aka fara ƙera shi a Amurka a 1969. An ƙera fiye da 15,000, shi ya sa tsofaffinsa suke da araha, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu. Tsawonsa mita 6.5, faɗinsa mita 2.3, wato bai kai iyakar mita 2.6 da aka yarda a ja a titunan Amurka ba tare da takardar izini ba. Wanda nake magana a kai shi ne tsohon samfuri mai kil ɗin da ake naɗewa. Kil shi ne faffaɗan ƙarfen nan mai nauyi da ke ƙarƙashin jirgi, wanda ke hana iska kifar da shi. Wurin gwajin kuwa tsibiran Apostle ne, a tafkin Superior, arewacin jihar Wisconsin.

Hukuncina a taƙaice: jirgin ya isa mutum biyu hutun mako guda a tsakanin tsibirai, kuma da wuya shi kansa ya ba ka kunya. Abin da ke ɓata tafiya yana kan tudu: tirela, tada jigo (dogon sandan da ke ɗauke da filafilan kama iska), da wayar da ke riƙe kil.

A fara da nauyi, don a nan masu sayarwa suke ruɗin mutane. Takarda ta ce jirgin kilo 1,020 ne ko kusa da haka. Wannan jirgi ne tsirara. Ƙara tirelar kanta, wajen kilo 400, sannan inji, fetur, batir, anka biyu da sarƙa, ruwan sha, ƙanƙara da abinci. Za ka tsinci kanka tsakanin kilo 1,600 da 1,800. Motar da aka rubuta tana jan kilo 1,590 za ta motsa shi, ba shakka, amma giyabos zai yi zafi a hawa, kuma a gangaren siminti mai santsi da ake saka jirgi a ruwa tayoyin gaba za su yi ta juyawa a banza idan su ne ke ja. Motar da ke jan kilo 2,270 ita ce daidai. Kada a yi kirdado. A hau sikelin manyan motoci da kaya cike, a ga lamba.

Nauyin da ke danna ƙwallon ja a bayan mota ya kamata ya zama kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na jimlar, wato kilo 120 zuwa 170. Idan ya gaza, tirela za ta fara kaɗa gindi da zarar an wuce kilomita 80 a awa, musamman in babbar mota ta gifta. Sanadin kusan kullum ɗaya ne: an bar inji rataye a bayan jirgi, an jibge kaya a wurin zaman matuƙi. Sauke injin ka sa a mota, ka tura kaya masu nauyi gaban aksil. Idan kaɗawar ta fara, a ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari sak. Taka birki da ƙarfi a wannan lokaci ƙara mata yake yi. Sarƙoƙin tsaro biyu a gicciye su a ƙarƙashin wuyan tirela, don in ya suɓuce daga ƙwallon ya faɗa kansu, ba kan kwalta ba. A Wisconsin da jihohi da dama, tirelar da ta kai kilo 1,360 dole ta kasance da birkinta, kuma wannan ta wuce.

Boris shi ne babban abin da ke tsayar da mutane a gefen hanya. Dalilinsa mai sauƙi ne. Bayan tafiyar awa uku ko huɗu hob, wato cibiyar taya inda boris yake, ya ɗau zafi. In aka tsoma shi nan take cikin ruwan Superior mai sanyi, iskar da ke ciki za ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta bakin robar da ke tare giris. Ruwan ya kwana mako guda a ciki, tirela na ajiye kana can tsibiri, tsatsa ta kama. A hanyar komawa gida ne boris ɗin zai watse. Maganin: a bar hob ya huce kafin a shiga ruwa, kuma lokacin tada jigo ya isa wannan. A sa murfi mai sifirin irin Bearing Buddy, a cika giris na ruwa har farantin ya ɗan motsa kawai, don in aka matsa da yawa robar baya ce za ta fashe, giris ya ɓata birki. Duk inda aka tsaya shan mai a ɗora hannu a kan kowane hob. Ɗumi ba komai. Wanda hannu ba zai jure ba, ko wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, a buɗe shi. Ni shawarata a riƙe cikakken hob na safaya wanda an riga an haɗa shi da boris da giris, tare da jak ɗin da aka gwada a kan tirelar tana ɗauke da jirgi. Jak ɗin mota sau da yawa ba ya shiga ƙarƙashin aksil in taya ta sace.

Tayoyin tirela kuwa tsufa ke kashe su, ba gudu ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. In ta haura shekara biyar ko shida a canja, ko da zanenta sabo fil ne. Yawancinsu an yi su ne don gudun da bai wuce kilomita 105 a awa ba.

Sai kil. Ƙarfen zubi ne mai nauyin kilo 250, yana juyawa a kan fil guda, kusoshi huɗu ke riƙe da mazauninsa a cikin jirgi, ana naɗe shi da winci daga bakin ƙofar ɗaki. In an naɗe, jirgin na shiga ruwan da bai wuce santimita 60 ba. In an sake, yana cin mita 1.5. Wannan ne ya sa ake iya ɗora shi a tirela, kuma shi ne raunin jirgin. Bayan an ɗora jirgi a tirela, a sassauta winci har kil ya zauna a kan mazauninsa na tirela, waya ta yi sako-sako. Wanda ya bar kilo 250 rataye a waya ya bi ramukan hanya, yana cin ran wayar da wincin tare. Kafin a saka jirgi a ruwa kuma sai a tuna a naɗe shi, in ba haka ba zai maƙale a tirela, a yi ta turawa ba a san dalili ba. Wayar takan fara tsinkewa ne a ƙasa, inda ta haɗu da kil, wurin da ido ba ya gani sai an shiga ƙarƙashi da tocila. Sili ɗaya in ya tashi, a canja ta duka, tare da ƙaramin ƙwallon da take bi ta kansa. Kuɗinta kaɗan ne, kuma in ta tsinke kil na sama, faɗuwarsa na iya tsaga jikin jirgi. Idan kana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa lokacin da jirgi ke tsaye a anka, ramin fil ɗin ne ya buɗe. Catalina Direct, kamfanin kayan gyaran waɗannan jirage, na sayar da kayan cike wannan gurbin.

Tada jigo aikin mutum biyu ne, minti 45 in hannu ya saba, awa ɗaya da rabi in bai saba ba. Jigon alminiyom ne, tsawonsa kusan mita 7.6. Abu na farko, kafin a taɓa komai, a ɗaga kai a duba wayoyin lantarki, daga inda aka faka har bakin ruwa. Wannan ba wasa ba ne, jigo na ɗaukar wuta. Sannan a zame jigon baya a kan maƙallinsa, a soke gindinsa da kusa a mazauninsa da ke saman ɗaki. Wayar baya, manyan wayoyin gefe, da ƙananan gefe na baya suna nan a ɗaure. Ta goshi da ƙananan gaba biyu sai ya miƙe ake ɗaura su. Nauyinsa ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce karkata gefe yana rabin hanya, abin da ke yage mazaunin daga rufin ɗaki, da kuma waya ta sarƙe a wani abu. In jigo ya ƙi miƙewa, kada a sa ƙarfi: wani matsen waya ne ya kwanta a karkace, kuma ƙarfi zai lanƙwasa shi. A ɗaure matsen a tsaye da roba tun farko, a faka a shimfiɗaɗɗen wuri, baya ga iska.

A gangaren shiga ruwa a Bayfield ko Little Sand Bay, wuraren da ake tashi zuwa tsibiran, jirgin na bukatar zurfi fiye da kwalekwale mai inji, don haka tirela mai wuyan da ake zarowa ta fi. Ba tare da shi ba tayoyin bayan mota sai sun shiga ruwa. Tirela mai birkin da ke kamawa da turi takan ƙi ja da baya, sai an sa fil ɗin da ke hana shi. Kada a kwance igiyar goshi sai jirgi ya taɓa ruwa. Wajen fitowa, dokar Wisconsin ta ce a cire duk ciyawar ruwa daga jirgi da tirela, a zubar da ruwan da ke ciki kafin a bar wurin, saboda baƙin halittun da ke yaɗuwa daga tafki zuwa tafki.

A cikin ruwa jirgin ya biya wahalarsa. Tsibiran 22 ne, 21 suna ƙarƙashin hukumar gandun ƙasa, a cikin gandun da aka kafa a 1970, Madeline ne kaɗai ba ya ciki. Suna kusa da juna, kuma kusan kullum akwai wanda zai tare maka iska. Mafi kyawun misali tsibirin Stockton: in iska na busowa daga arewa maso gabas a kwana a lungun Presque Isle, in ta juya yamma a zagaya Julian, lungu mai farin rairayin da ke ƙara in an taka. Ƙasan ruwan yashi ne a yawancin wuraren kwana, anka mai faffaɗan haƙori irin Danforth na kamawa sosai, da ɗan guntun sarƙa da igiya ninki bakwai na zurfin. Da kil a naɗe da allon tuƙi a ɗage, ana shiga inda manyan jirage ba sa kaiwa, har a sauka da ƙafa. Amma tafiya da filafilai sai kil na ƙasa, a kulle.

Superior shi ne tafkin ruwan daɗi mafi faɗi a duniya, kuma daga arewa maso gabas iska na da ɗaruruwan kilomita na tara raƙuman ruwa. Catalina 22 jirgi ne marar nauyi. Iska na kaiwa kilomita 28 a awa a rage babban filafili, kada a jira. Kogunan dutse na tsibirin Devils suna da kyau, amma can bakin buɗaɗɗen tafki suke, na ranar da ruwa ya kwanta ne kawai. Ruwan na da sanyin da ke kashe ƙarfin hannu cikin mintuna, ko a watan Yuli, don haka rigar ceto a jiki take zama, ba a ƙarƙashin kujera ba, kuma a tabbatar akwai tsanin da wanda ya faɗa zai iya hawowa da kansa. Rediyon VHF, wato na magana tsakanin jiragen ruwa, wajibi ne, tasha ta 16 don neman agaji, ana kuma jin hasashen yanayi safe da yamma. Wayar salula ba abin dogaro ba ce a tsibiran waje.

Ɗakin ciki, gaskiya, matsattse ne. An ce yana kwanar da mutum huɗu ko biyar. In an sa jakunkuna da akwatin ƙanƙara da abincin mako, biyu ne, ko biyu da ƙaramin yaro. Rufin da ake ɗagawa yana ba mai matsakaicin tsayi damar tsayawa ya yi girki, sai dai a sauke shi a kulle kafin a tashi. Ƙanƙarar dunƙule ta fi ta gutsattsari daɗewa nesa ba kusa ba. Tankin fetur na lita 23 ya isa inji mai ƙarfin doki 5 ko 6 in ba kullum ake kunna shi ba, amma injin ya zama mai doguwar ƙafa, in ba haka ba farfela za ta riƙa fita daga ruwa duk lokacin da jirgi ya hau raƙumi. Masai na ɗauka ne, kuma haramun ne a juye shi a tafki, shi ya sa mutane ke amfani da na gandun a duk tsibirin da akwai. Gadojin ɗaure jirgi na gandun ana biyan kuɗin kwana, wanda ya riga zuwa shi ke samu, a watan Agusta kuwa kafin la'asar sun cika. Ga ƙudaje masu cizon idon sawu in iska ta kwanta, waɗanda maganin shafawa bai cika damunsu ba. Doguwar safa da ragar ƙofa sun fi aiki. Stockton na da baƙaƙen beyar, kuma suna iyo, don haka ba a barin abinci a bakin gaɓa.

Wanda zai sayi tsohon Catalina 22 don irin wannan hutu, ya duba tirelar kafin jirgin: tsatsa a cikin ƙarafunan da ke ɗauke da nauyi, shekarun taya, ko birkin na kamawa, ko fitilu na aiki. Sannan ya taka rufin jirgin a kewayen mazaunin jigo ya ji ko yana lotsawa, alamar ruwa ya shiga katakon da ke tsakanin faiba. Gyaran wannan na iya fin kuɗin jirgin, a bar shi a nemi wani.